Karayar Ganganci: Tarihin Tiyatar Haɗe Ƙashin Baya

A shekarar 1911 likitocin ƙashi biyu a birnin Niyok na Amurka, Russell Hibbs da Fred Albee, kowa da asibitinsa kowa da dabararsa, suka fitar da bayanin wata tiyata da ta saɓa wa abin da aka saba gani a aikin likita. Maimakon su maido wa gaɓa motsinta, sai suka kashe motsin da gangan: su buɗe bayan mutum, su sa ƙasusuwan gadon bayansa biyu ko fiye su manne su zama dunƙule guda har ƙarshen rayuwarsa. Yau galibin waɗanda ake yi wa wannan aiki a ƙasashe masu arziki ciwon kwankwaso ko na ƙafa ne ke kai su, cutar da Hibbs da Albee suka yaƙa kuwa ta zama baƙuwa a can. Hujjar da nake son kafawa ita ce, an haifi tiyatar ne don cutar da motsi ke rura wa wuta, an kuma haife ta da ma'auninta na nasara, wato ƙashi ya kama ko bai kama ba. Sana'ar ta shafe ƙarni guda tana goge hannu a kan wannan ma'auni har ta kusa ƙure shi. Tambayar da ta fi damun mara lafiya kuwa, ko ciwonsa zai tafi, da abin da zai sami sauran bayansa nan da shekara goma, an daɗe ba a yi ta da gaske ba, da aka yi ta kuma amsar ba ta zo yadda aka so ba.

Cutar farko ita ce tarin fuka na ƙashin baya, wadda Percivall Pott na Landan ya siffanta a 1779, tun kafin Robert Koch ya gano ƙwayarta a 1882. Ƙwayar takan zauna a gaban ƙashin, wajen da ke ɗauke da nauyin jiki, ta ci shi a hankali har ya rufta. Baya ya lanƙwashe ya fitar da ƙusumbi, mugunya ta taru ta danne laka, ƙafafu su shanye. Yara ta fi kamawa. Kafin a sami magani babu abin yi sai kwanciya: a ɗaure yaro cikin siminti shekara biyu, uku, wani lokaci fiye, a ba shi abinci mai kyau da iska da hantsi, a jira ragowar ƙasusuwan da suka rufta su manne da juna, domin likitoci sun lura cewa bayan da ya warke, ta wannan hanya yake warkewa. Ke nan Hibbs da Albee hanyar jiki suka bi suka gajarta ta. Hibbs yakan karya ƙananan ƙahonnin nan da mutum ke ji in ya shafa tsakiyar bayansa, ya kwantar da kowanne a kan na ƙasa da shi. Albee, wanda ya tashi a gona a jihar Maine ya koyi auren itatuwa a wurin kakansa, yakan yanko dogon sili daga ƙashin ƙwaurin mara lafiyar, ya tsaga ƙahonnin gida biyu ya cusa silin a tsakiya. An gwada ƙarfe kafin su: Berthold Hadra a Texas ya ɗaure ƙasusuwan wuya da wayar azurfa a 1891, Fritz Lange a Jamus ya jingina sanduna a gefen ƙashin baya. Ƙarfen wancan zamani yakan yi tsatsa ko ya kwance, kuma abin da aka koya daga nan har yau bai tsufa ba: ƙarfe riƙo kawai yake yi, ƙashi mai rai ne ke warkewa.

A kan wannan warkewa mutane da yawa ke kuskuren fahimta. Wanda aka fito da shi daga ɗakin tiyata aka ce an sa masa ƙarfe, bayansa bai haɗe ba tukuna, share masa hanya kawai aka yi. Duk wanda ya ga aikin mai ɗori ya san tsarin: a daidaita karaya, a ɗaure ta da karare, a hana ta motsi, jiki ya yi sauran. Bambancin shi ne a nan likita ne ke yin karayar da hannunsa. Yana kankare ɓawon ƙashi mai tauri daga fikafikan da ke gefen gaɓoɓin biyu har jini ya tsattsafo daga ɓargo, sannan ya jera ɓarɓashin ƙashi a kai, yawanci wanda ya ɗebo daga bakin ƙashin ƙugun mutumin, ya cike ratar da ke tsakani. A kwanakin farko jini ya daskare a wurin, kumburi ya biyo baya, kuma kumburin ne ke kiran ƙwayoyin gini. Galibin ƙwayoyin da ke cikin ɓarɓashin mutuwa suke yi. Sababbin hanyoyin jini ne ke ratsa shi, wasu ƙwayoyi na cinye tsohon ƙashi, wasu na shimfiɗa sabo a gurbinsa. Scott Boden da abokan aikinsa a jami'ar Emory ta Atlanta sun bi sawun wannan aiki mako-mako a bayan zomaye a tsakiyar shekarun 1990, suka ga ginin daga gefe biyu yake tasowa, inda aka kankare, ya nufo tsakiya. Tsakiyar ce ke zuwa ƙarshe, a can kuma aikin ya fi tsayawa in zai tsaya. A jikin mutum sai an yi wata 6 zuwa shekara kafin a ce ya kama, ko bayan nan ma dunƙulen yana ci gaba da sake siffa gwargwadon nauyin da ake ɗora masa, bisa ƙa'idar da Julius Wolff ya bayyana tun 1892.

Tsawon watannin nan kowane taku, kowane juyi a kan gado, lanƙwasa sandar yake yi kaɗan. Idan ƙashi ya kama da wuri ya karɓi nauyin, ƙarfen ya zama ɗan rakiya. Idan bai kama ba, wata rana ƙusa za ta yi sako-sako a raminta ko sandar ta karye, a bar mutum da gaɓar ƙarya, tabo a wurin da ake son ƙashi. Abin da ke yanke hukunci sau da yawa ba ya hannun likita. Wani bincike na 1986 ya kwatanta masu shan sigari 50 da marasa sha 50: kashi 40 cikin 100 na masu sha ƙashinsu bai kama ba, a marasa sha kuwa kashi 8. Ciwon suga da ba a kula da shi ba, da ƙashin da tsufa ya rarake, da yawan gaɓoɓin da aka haɗe lokaci guda, duk suna jan aikin baya.

Cutar da aka ƙirƙiro tiyatar dominta ita ce ta fara rage mata fili. Maganin streptomycin ya fito a tsakiyar shekarun 1940, isoniazid a 1952. A Hong Kong, Hodgson da Stock sun bayyana a 1956 wata tiyata mai zurfi, ta gaba ake shiga a kwashe ruɓaɓɓen ƙashi a dasa lafiyayye, sakamakonta kuma ya yi kyau ƙwarai. Amma a daidai wannan lokaci a asibitin koyarwa na Ibadan, inda gadaje ba su kai yawan marasa lafiya ba, Konstam ya riƙa ba waɗanda ke iya tafiya magani su koma gida, ba siminti ba wuƙa, kuma rahoton da ya buga tare da Blesovsky a 1962 ya nuna mafi yawansu sun warke. Saɓanin ya sa hukumar binciken lafiya ta Birtaniya ta shirya gwaje-gwaje a Koriya, Bulawayo, Hong Kong da Madras, ana raba marasa lafiya ta hanyar ƙuri'a, rahoton farko ya fito a 1973. Bayan shekaru ana bibiya aka tabbatar cewa magani kaɗai yana warkar da galibin mutane. Tiyatar Hong Kong tana sa ƙashi ya kama da wuri tana kuma rage lanƙwashewa, amma ba ita ke kashe cutar ba. Daga nan aka taƙaita wuƙa ga wanda lakarsa ke cikin haɗari, ko bayansa ke rushewa, ko magani ya gaza masa. Mu a wajenmu labarin bai zama tarihi ba, domin har yau wannan cuta tana kai mutane asibitocin ƙashi irin na Dala a Kano, wasu bayan ƙafa ta riga ta mutu, kuma ga irin su tiyatar ceto ce da bai kamata rashin kuɗi ya hana ba.

Kafin hakan ta faru tiyatar ta riga ta sami sabon gida. Hibbs da kansa ya fara amfani da ita a kan karkacewar baya a 1914, a 1929 kuma ya buga rahoton mutanen da ya haɗe wa gindin ƙashin baya saboda ciwon kwankwaso. A 1934 Mixter da Barr na Boston suka nuna cewa faifan guringuntsin da ke tsakanin gaɓa da gaɓa yana iya fashewa ya danne jijiya ya saukar da ciwo ƙafa, sai hankalin sana'ar ya koma kan faifan. Tunanin yana da sauƙin karɓa: gaɓar da ta lalace tana ciwo in ta motsa, to a hana ta motsi. Kayan aiki suka biyo baya, kowanne ya fi na gabansa. Paul Harrington a Houston ya ƙera sanduna masu ƙugiya don miƙar da bayan yaran da shan inna ya karkatar, ya bayyana su a 1962. Raymond Roy-Camille a Faransa ya fara, a 1963, murɗa ƙusa ta cikin siririn wuyan da ke haɗa bayan gaɓa da gabanta, wurin da ya fi ko'ina ƙwari, kuma ƙusoshin da ake gani yau a hoton wanda aka sa wa ƙarfe jikokin tasa ne. George Bagby a jihar Washington ya ƙirƙiro wani kwandon ƙarfe mai huda-huda da ake cikawa da ƙashi a cusa tsakanin gaɓoɓin wuyan dawakan da ke tangaɗi. Daga baya aka sake masa fasali don mutane, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1996. Daga 1990 zuwa 2001 yawan wannan tiyata a kwankwaso a Amurka ya ƙaru da kashi 220 cikin 100, hawan kuma ya fi tsanani bayan fitowar kwandon. Tsakanin 2004 da 2015 adadin ya tashi daga kimanin 122,000 zuwa kusan 200,000 a shekara. Ba wata sabuwar cuta ce ta afka wa ƙashin bayan Amurkawa a waɗannan shekaru ba. Aikin ne ya yi sauƙi a hannun likita, kuma aka sami tabbacin cewa hoto zai nuna ƙashi ya kama.

To shin ƙwarewa wajen haɗe ƙashi ta zama ƙwarewa wajen warkar da mutum? A 1997 Fischgrund da abokansa a Michigan suka raba tsofaffi kimanin 70 masu gocewar gaɓa gida biyu, wasu da ƙusa wasu babu. Ƙashi ya kama a kashi 82 cikin 100 na masu ƙusa, a kashi 45 kacal na marasa ita. Amma bayan shekara biyu kashi 76 na masu ƙusa ne suka sami sauƙi mai kyau, marasa ƙusa kuwa kashi 85. Likitocin Suwidin sun ga irin haka a 2002 da suka kwatanta dabaru uku, daga mai sauƙi zuwa mai sarƙaƙiya: kamun ƙashi ya hau daga kashi 72 zuwa 87 zuwa 91, matsalolin bayan tiyata suka hau daga kashi 6 zuwa 16 zuwa 31, sauƙin ciwo kuwa bai bambanta ba. Akwai martani mai nauyi, kuma daga gidan su Fischgrund ɗin ya fito. Da aka sake bibiyar marasa ƙusa bayan shekara 5 zuwa 14, rahoton 2004 ya nuna kashi 86 na waɗanda ƙashinsu ya kama suna cikin sauƙi, na waɗanda bai kama ba kashi 56. Wato shekara biyu ta yi kaɗan a yanke hukunci, gaɓar ƙarya tana iya yin lamo kafin ta tashi. Na yarda da wannan. Sai dai abin da ya tabbatar shi ne idan an riga an yanke shawarar haɗewa, gara ƙashin ya kama. Bai ce komai ba a kan ko ya dace a haɗe tun da fari.

Wannan tambaya ta biyu ta fi tsanani idan ciwon kwankwaso ne zalla, ba gocewa ba dannewar jijiya. A tarin fuka likita yana ganin gaɓar da ta ruɓe da idonsa. A ciwon kwankwaso me zai gani? Na'urar MRI, da ta yaɗu a shekarun 1980, ta nuna faya-fayai sun bushe, sun yi baƙi, sun kumburo, aka ɗauka an kama ɓarawo. Sai a 1994 aka ɗauki hoton mutum 98 da ba sa jin ciwon baya a Kalifoniya: kashi 36 kaɗai ne faya-fayansu duka ke lafiya, fiye da rabi suna da kumburarren faifai aƙalla guda. Wani nazari na 2015 da ya tattara bincike da dama ya sami alamar lalacewar faifai a kashi 37 na 'yan shekara 20 marasa ciwo, da kashi 96 na 'yan shekara 80. In haka ne, baƙin faifai a hoto shaidar shekaru ya fi bayarwa, kuma wanda ya haɗe shi yana iya daskarar da gaɓar da ba ita ke kuka ba. Gwaje-gwajen ƙuri'a sun bi wannan layi. Na Suwidin a 2001, mai mutum 294, ya ba tiyata rinjaye: ciwo ya ragu da kashi 33, a ɗaya ɓangaren kashi 7. Amma ɗaya ɓangaren an mayar da su ne ga irin gashin da ya riga ya gaza musu. Da Norwe a 2003, da Birtaniya a 2005 da mutum 349, suka kwatanta tiyatar da shiri mai tsari na motsa jiki da gyaran tunani, ratar ta tsuke har ta kusa ɓacewa, kuma da aka bibiyi mutanen bayan kimanin shekara 11 ba a ga bambanci ba. A 2016 hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta ce kada a yi wa mai ciwon kwankwaso zalla wannan tiyata sai a cikin gwajin bincike.

Sai kuma abin da ke faruwa bayan ƙashi ya kama, wanda ma'aunin 1911 ba ya iya hangowa. Gaɓoɓin kwankwaso biyar ne, suna raba lanƙwasa da juyi a tsakaninsu. Wanda aka haɗe wa guda ɗaya yakan iya ruku'u da sujada da ɗaukar abu a ƙasa, domin yawancin sunkuyo daga kwatangwalo yake zuwa, sauran gaɓoɓin kuma su cike giɓi. Cike giɓin nan ne abin dubawa. Gaɓar da ke saman dunƙulen tana karɓar motsi da matsin da a dā ake taya ta ɗauka, ƙananan mahaɗanta na baya su yi kauri, faifanta ya zauna, hanyar jijiya ta ƙuntata. A ƙasa kuma mahaɗar ƙashin baya da ƙugu tana shan ƙarin nauyi. Tsokar da ke manne da ƙashin baya, wadda aka ɗaye aka ja gefe na awanni lokacin tiyata, takan rame, kitse da tabo su maye wani sashe nata. Wani bincike na 2004 a Los Angeles a kan mutum 215 ya ƙiyasta cewa kashi 16.5 za su buƙaci wata tiyatar a gaɓar maƙwabciya cikin shekara 5, kashi 36 cikin shekara 10. Masu kare tiyatar suna da amsa, kuma ba ta banza ba ce: mutumin da faifansa ɗaya ya lalace da wuri, sauran ma gado ɗaya suka ci, binciken tagwaye a Finlan ya nuna abin da aka gada yana da babban hannu a lalacewar faifai, saboda haka gaɓar sama da ta lalace ko da ba a taɓa ta ƙasa ba. Hanyar raba gardamar ita ce a kwatanta waɗanda ƙuri'a ta kai tiyata da waɗanda ba ta kai ba bayan shekaru masu yawa, an kuwa yi haka a Suwidin a 2009, sannan a 2014 da mutanen gwaje-gwajen Turai. Duka biyun sun sami faifan maƙwabciya ya fi zaizayewa a waɗanda aka haɗe wa, duka biyun kuma sun sami cewa a yawancin mutane zaizayewar ba ta koma ƙarin ciwo ba. Abin da na fahimta shi ne haɗewa tana gaggauta tsufan maƙwabciya, ga mafi yawa a hoto kawai, ga wasu har ɗakin tiyata, kuma ɗan shekara 40 yana da doguwar tafiya da wannan baya fiye da ɗan 75.

Darasi mafi tsada daga sandunan Harrington ya zo. Kwankwason mutum yana da loɓawa zuwa ciki wadda ke sa kai ya zauna daidai saman ƙugu ba tare da tsoka ta wahala ba. Sandar Harrington miƙaƙƙiya ce, aikinta buɗawa. Idan aka sauko da ita har gaɓoɓin ƙasa sai ta shafe loɓawar. A hoton gaba karkacewa ta gyaru, ƙashi ya kama, kowa ya gamsu, kuma sauran faya-fayan yaran masu laushi suka rufe asirin shekara da shekaru. Da waɗannan suka gaji, sai ga mutane a tsakiyar rayuwa ba sa iya tsayuwa sak: jiki ya rinjaya gaba, su lanƙwasa gwiwa su ɗaga haɓa don su ga gabansu, kafin la'asar cinya da baya sun ɗauki zafi. Daga shekarun 1970 aka fara rubuta wannan, gyaransa kuwa sai an sake karya dunƙulen an yanke wani yanki nasa, aiki mai zubar da jini da haɗari. Ginette Duval-Beaupère da abokan aikinta a Faransa sun nuna a shekarun 1990 cewa siffar ƙugun kowane mutum ita ke ƙayyade yawan loɓawar da kwankwasonsa ke buƙata. Kusan kashi biyu cikin uku na loɓawar kuwa yana gaɓoɓi biyu na ƙasa, waɗanda su aka fi haɗewa. Ƙashi yana iya kamawa daram a karkatacciyar kusurwa, hoton ya ci jarrabawa, mai bayan ya kwashe sauran rayuwarsa yana biyan bashi.

Mai karatu zai iya cewa na tara hujjojin gefe guda, ya kawo mutanen da tiyatar ta tayar daga kwance. Suna nan da yawa, kuma tarihin da na bi bayani yake yi a kansu. Wanda ya karye a baya a haɗarin mota, wanda daji ko ƙwayar cuta ta cinye wa gaɓa, yarinyar da bayanta ke ƙara karkacewa kowace shekara, saurayin da gaɓarsa ta ƙarshe ta zame gaba sosai tana jan jijiya, abu guda ya haɗa su: ana iya nuna motsin da ke cutar da su da yatsa, a gare su kuma rasa gaɓa ɗaya ko uku araha ne. Inda gardama ke da zafi yanzu shi ne tsofaffin da hanyar jijiya ta ƙuntace musu tare da 'yar gocewa, ko buɗe hanyar kaɗai ya isa ko sai an ƙara da ƙusa. A rana guda a 2016 mujalla guda ta buga gwaji biyu: na Suwidin mai mutum 247 bai ga amfanin ƙarin haɗewa ba sai ƙarin zubar jini da kwanakin asibiti da kuɗi, na Amurka mai mutum 66 ya ga ɗan rinjaye da ƙarancin komawa tiyata. Na Norwe a 2021, mai mutum 267, ya goyi bayan na Suwidin. A ganina galibin irin waɗannan tsofaffi buɗewa ta ishe su, ko da yake akwai wasu da gaɓarsu ke rawa da gaske, kuma likitoci ba su daidaita a kan yadda za a tantance su kafin a yanka ba. Rashin daidaiton nan ne ya sa a farkon shekarun 2000 yawan tiyatar ga tsofaffi ya bambanta kusan ninki 20 tsakanin wani yanki na Amurka da wani. Wasu kan ce kuɗi ne kawai. Kuɗi yana da hannu, amma ta inda hujja ta yi sako-sako yake samun ƙofa, kuma Hibbs bai sayar da ƙusa ba.

Martanin da ya fi taɓa zuciya shi ne na mutumin da ya yi shekara biyar ba ya barci saboda kwankwaso, ya sha magani ya gaji, ya je gashi ya gaji, har yana tunanin sayar da gona ya tafi Indiya ko Masar. A ce masa me? Hana shi tiyata ba tare da ba shi wani abu ba zalunci ne, kuma gwajin Suwidin na 2001 ya nuna cewa in zaɓin shi ne wuƙa ko komawa ga abin da ya gaza, wuƙa ta fi. Amma mutanen gwajin Norwe na 2003 ba gida aka kora su ba. An zaunar da su aka yi musu bayani cewa aikin yau da kullum ba zai fasa faifansu ba, aka ce su yi amfani da bayan su lanƙwasa shi, sannan aka sa su motsa jiki sau uku a rana har mako uku ana tsaye a kansu. Bayan shekara guda, a ma'aunin naƙasa mai maki 100, waɗanda aka yanka sun sauko daga 41 zuwa 26, waɗanda ba a yanka ba daga 42 zuwa 30, babu ƙarfe a jikinsu, babu gaɓar maƙwabciya da za a riƙa sa wa ido. Irin wannan shiri yana buƙatar horarrun ma'aikatan gashi, da ɗaki, da mako uku na lokacin mutane, kuma a wurare da dama masu biyan kuɗin jinya sun fi saurin sa hannu a takardar tiyata fiye da tasa.